Mata Da Riƙon Aikin Gini

Wannan ita ce laccar da wata 'yar'uwarmu mai aikin kula da gine-gine ta yi wa 'yan kasuwa, maza da mata, ran Lahadin da ta wuce bayan la'asar. Mutane da yawa waɗanda ba su sami zuwa ba sun roƙe mu mu buga ta. To, ga ta kamar yadda ta fito daga bakinta. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa.

Assalamu alaikum. Iyayena maza da iyayena mata, yayyena da ƙannena, ina yi muku barka da yamma, ina kuma gode muku da kuka rufe rumfunanku da sauran rana kuka zo. Na san abin da ɗan kasuwa yake asara in ya tashi da la'asar, saboda haka ba zan tsaya dogon gaishe-gaishe ba.

Sa'ad da nake shigowa na ji wani dattijo daga can baya yana tambayar na kusa da shi, wai ina injiniyan da aka ce zai yi lacca, ga rana tana tafiya bai iso ba. Baba, ni ce. (Dariya.) Kada ka ji kunya, ba kai ne farau ba. Ranar da na fara zuwa wurin aiki, maigadi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce masu abinci sai sha biyu ta yi ake barinsu su shiga. Na ce masa ban zo da tukunya ba, na zo da takarda ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce to takardar wa zan kai wa.

Abin da aka ce in yi magana a kansa shi ne aikin da Turawa suka ba suna mai tsawo, mu kuwa mu ce riƙon aikin gini, mai yinsa kuma manajan aiki, in mace ce manajar aiki. Sai in fara da gaya muku ko mene ne shi, don na lura mutane da yawa in an ce mace tana aikin gini, sai su ɗauka ta riƙe cokalin birkila ne tana jera bulo. Wannan ma ba abin kunya ba ne, amma ba shi nake nufi ba.

Babban gini, irin rukunin kantuna ko makaranta ko asibiti, hannu da yawa ne a cikinsa. Akwai mai ginin, wanda kuɗinsa ne, ko gwamnati ko attajiri ko ƙungiyarku ta 'yan kasuwa. Akwai mai zane, wanda yake fitar da siffar ginin a takarda. Akwai injiniya, wanda yake lissafin nauyin da ginin zai ɗauka, ya faɗi kaurin ginshiƙi da irin rodin da za a sa. Akwai mai ƙiyasi, wanda yake ƙirga buhun siminti nawa, tifar yashi nawa, kwanon rufi nawa, ya sa wa kowane kuɗinsa. Sa'an nan ga ɗan kwangila da mutanensa, birkiloli, da kafintoci, da masu ɗaurin rodi, da masu aikin famfo da na lantarki, da masu fenti, da leburori. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya san nasa, bai damu da na wani ba. To, tilas a sami mutum guda wanda zai riƙe linzamin duka, ya san wanda zai shigo yau da wanda zai jira jibi, ya san kuɗin da aka kashe da wanda ya rage, ya ga abin da aka zana shi aka gina, ya kuma amsa tambayar mai gini in ya ce yaushe zan karɓi makulli. Wannan mutum shi ne manajan aiki. Kayan aikinsa su ne alƙalami, da littafi, da tef na awo, da kwamfuta a wannan zamani, da ido, da baki mai iya cewa a'a.

Yanzu ina tambayarku, jama'a, a cikin waɗannan da na lissafa wanne ne ya fi ƙarfin mace?

Kafin wani ya amsa, bari in tuna muku wani abu. Ku da kuka taɓa wucewa ta wurin da ake zuba rufin kankare, wanda magina ke kira dekin, a Jos ko a Abuja ko wasu garuruwan, kun ga su wa ke ɗaukar kankaren a kwanon sarki suna hawa da shi bisa katako har bene na biyu, na uku? Da yawansu mata ne, wata har da goyo a ajiye a inuwa. Tun safe har yamma suna hawa suna sauka. Ban taɓa jin wani ya tsaya ya ce, kai, wannan kaya ya fi ƙarfin mace, a hana ta ba. Kwanon sarki cike da kankare bai fi ƙarfinta ba, ashe alƙalami da takarda ne suka fi ƙarfinta? In mace za ta ɗauki kaya a biya ta kuɗin yini, kowa ya yi shiru. In za ta riƙe littafin da ake rubuta kuɗin yinin, sai a tuno da al'ada. Ku 'yan kasuwa ne, kun san in an ga ciniki irin wannan akwai wanda yake cin ribarsa.

Al'adar ma da ake kira, a bincika ta. A gidajen kakanninmu, maza ke yin tubali, su ɗora katanga, su jera azara, Sarkin Magina yana bisa kansu. Amma in an zo daɓe, na wa ne? Na mata ne. Su ke gayya, su zo da madaɓansu, su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su yi ta bugu har ƙasa ta yi santsi. Kuma a kowace gayya akwai wata babba wadda take cewa nan bai ji ba a koma, can a ƙara ruwa. Matan Fulani su ke kafa bukka in an sauka sabon mashekari. A wurin Buzaye kuwa tanti na mace ne, ita ke kafa shi, ita ke kwance shi. Watau mace ba baƙuwa ba ce a sha'anin gini. Abin da ya faru shi ne, da siminti ya zo, da takarda da kuɗi mai yawa suka shigo cikin aikin, sai aka bar mata kwano aka ɗauke littafi.

To, me ke cikin littafin nan? Abu na farko lokaci ne. Iyayena mata, in za a yi tuwon biki, kun san ba a tuƙi sai an yi tankaɗe, ba a tankaɗe sai an kai niƙa, ba a niƙa sai an surfa an wanke an shanya. In surfe ya makara da sa'a guda, tuwo ya makara da sa'a guda, ko da mata ɗari ne a gidan. Amma miya ana iya ɗora ta a gefe, in ta ɗan jinkirta ba ta tsai da kowa ba. Uwar biki ta gari ta san wane aiki ne yake jan sauran, a kansa take tsayawa. Wallahi wannan shi ne babban ilmin da ake koya mana a makaranta, sai dai an yi masa zane da layuka. Wani Ba'amurke mai suna Henry Gantt shi ya fito da irin zanen tun wajen 1910, kowane aiki da layinsa, tsawon layin shi ne kwanakinsa. A ƙarshen shekarun 1950 aka ƙara dabarar gano jerin ayyukan da in ɗaya ya makara duk gini ya makara. A gini, tushe ne ke jan ginshiƙi, ginshiƙi ya ja dekin, dekin ya ja bene na gaba. A ƙasarmu kuma akwai damina a kan kowa. In ba ka rufe gini kafin ruwa ya kankama ba, ka shiga uku, rafi ya cika, tifa ba ta shiga ɗibar yashi, kuɗinsa ya hau.

Na biyu, kaya. A nan ne ake cin talaka, saboda haka ku ba ni kunnenku, ko ba ku da 'yar da za ku sa a wannan aiki zai amfane ku ranar da za ku gina ɗaki. Buhun siminti kilo 50 ne. Kwaɓin kankare da aka saba da shi shi ne siminti awo ɗaya, yashi awo biyu, tsakuwa awo huɗu. Magina kan lissafa buhu guda kwanon sarki biyu, watau buhu ɗaya ya tafi da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. In aka mai da yashin shida, tsakuwar goma sha biyu, ido ba zai gane ba ranar zubi. Kankaren zai bushe, a yi masa filasta, a shafa fenti, ya yi kyau kamar amarya. Simintin da ya ragu kuwa ya fita ta ƙofar baya da dare. Kankare ba ya kai ƙarfin da aka lissafa masa sai ya kwana 28, kuma yana bukatar a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7 na farko, balle da hunturu sa'ad da iska take shanye shi. Mai gaggawa yakan cire katakon da ke tallafe da dekin tun bai ƙosa ba, don ya kai katakon wani wurin ya sake cin kuɗinsa. Ni abin da nake yi kullum kafin in tashi, sai an jera mini buhunan da aka juye a ranar na ƙirga su, na gwada da abin da aka fitar daga sito da kuma yawan aikin da aka yi. Ba a jami'a na koyi wannan ba. A wurin mahaifiyata na gani, wadda take riƙe adashin mata fiye da ashirin ba ta iya rubutu ba, ba a kuma taɓa kama ta da kuskuren kwabo ba.

Na uku, sa hannu. Ba a biyan ɗan kwangila kuɗinsa gaba ɗaya. Akan ba shi wani abu ya kama aiki, sa'an nan in ya kai wani mataki a auna abin da ya yi, a rubuta takardar shaida, a biya shi gwargwadonsa. A ƙarshe ma akan riƙe kamar kashi 5 cikin ɗari na wasu watanni, don in bango ya tsage ko rufi ya yi yoyo ya dawo ya gyara. Duk wata kasuwa da kuka ga an karɓi kuɗin rumfa daga hannunku, aka ɗora bulo ya kai linta aka gudu, ciyawa ta cinye wurin shekara da shekaru, ku tabbata akwai wanda ya sa hannu aka fitar da kuɗin aikin da ba a yi ba.

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni a kan sa hannun nan, ba zan faɗi gari ko kamfani ba. Muna ginin bene, gobe za a zuba dekin, an riga an yi hayar injin kwaɓi, an kira leburori. Da yamma na hau da tef ɗina ina duba ɗaurin rodi. Takardar injiniya ta ce a sa rodi mai kaurin milimita 16 a gadojin da za su ɗauki rufin. Na tarar an sa mai 12. Wanda bai sani ba zai ce ai huɗu ne kawai tsakaninsu. Alhali kuwa in an yi lissafi, ƙarfen da ke jikin mai 12 kaɗan ya haura rabin na mai 16. Na ce ba za a zuba ba. Foman ɗinmu dattijo ne, sa'an mahaifina, Baba nake ce masa. Ya ja ni gefe ya ce, "'Yata, shekarata talatin ina wannan aiki, ba abin da zai faru, kada ki ja wa kanki." Na ce, "Baba, in ya faɗo ɗanka na ƙarƙashinsa, shi ke ɗaurin katako." Ya yi shiru. Da dare ɗan kwangila ya aiko mini da abin da ya kira goro. Na mayar. Da safe ya zo da kansa, ya daina ce mini ƙanwata, ya ce ko na san da wa nake magana. Ni dai na buɗe littafin wurin aiki na rubuta abin da na gani, da kwanan wata, da sa'a, na sa hannu, na aika wa injiniya kwafe. Tun da ya shiga littafi, ba wanda ya yarda ya sa nasa hannun a kai. Aka kwance rodin aka sake, aka yi asarar kwana huɗu.

Kada ku yi tafi tukuna. Da aka gama ginin, ba a sake ba ni wani aiki a wurin nan ba, aka ce ina da taurin kai, wai mace ba ta san yadda ake tafiyar da mutane ba. Na yi wata bakwai a gida ina neman aiki. Na gaya muku wannan ne don kada wani ya tafi ya ce na zo na yi muku romon baka.

Kuma ban ce mace ba ta cin amana ba. Akwai mata masu karɓar goro, akwai maza da yawa masu mayar da shi, a hannun irinsu na koyi aiki. Abin da nake cewa shi ne, masu gaskiya da suka san aikin nan sun yi mana kaɗan ƙwarai, ga shi kuwa mun ɗauki rabin jama'a mun ce kada su shigo. Sakamakon muna ganinsa. Ran 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake kan ginawa ya rufta a Ikoyi cikin Ikko, mutum fiye da 40 suka hallaka, galibinsu ma'aikata ne masu neman abincin yini. A watan Agusta 2022 wani benen da ake ginawa ya faɗo a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano. Ran 12 ga Yuli 2024 ginin makaranta ya rufta wa yara a Jos suna cikin aji, aka rasa rai 22. Allah Ya ji ƙansu. In gini ya faɗi, sau da yawa mai kuɗin yana gidansa. Lebura ne a ƙasa, da mai tallar abinci, da ɗan kasuwar da ya kama haya, da ɗan makaranta.

Wani zai ce, to, an taɓa ganin macen da ta riƙe babban aiki ya kai ƙarshe? An gani, tun kakanninmu ba su ga mota ba. A birnin Nuyok na Amurka akwai wata gada da ake kira gadar Buruklin, an fara ta a 1869. Injiniyan da ya zana ta, John Roebling, jirgin ruwa ya matse masa ƙafa tun ba a kafa komai ba, ciwon ya kashe shi. Ɗansa Washington ya gaje shi. Don a haƙa tushen ginshiƙan a ƙarƙashin kogi, sai aka nutsar da wasu manyan akwatuna a kife, ana hura musu iska, mutane suna haƙa a ciki. Wanda ya fito daga cikinsu da gaggawa wani mugun ciwo yakan kama shi. A 1872 ciwon nan ya kwantar da Washington, ya zama ba ya iya zuwa wurin aiki. Matarsa Emily ita ta tsaya. Ta koyi lissafin, ta koyi sha'anin ƙarfe da igiyoyin da za su ɗauki gadar, ta riƙa kai umarni tana komowa da bayani, tana fuskantar injiniyoyi da 'yan kwangila da manyan gari, fiye da shekara goma. Kada ku zaci can babu 'yan damfara. A aikin nan an kama wani ɗan kwangila yana nuna wa masu dubawa waya mai kyau, in an ɗora a keken doki sai a musanya ta da maras kyau a hanya, har sai da aka ƙara wayoyi a igiyoyin don a cike gurbin. A 1882 aka so a tsige mijin daga aikin, ta tsaya masa har aka bar shi. Da aka gama, ita ce ta fara haye gadar a keken doki, riƙe da zakara alamar nasara. An buɗe gadar ran 24 ga Mayu 1883, har yau ana binta, da sunan matar nan a rubuce a jikinta.

In kun ce Amurka ta yi nisa, mu komo gida. A ƙasar Nijar, cikin jihar Tawa, akwai wani gari na Hausawa 'yan'uwanmu ana ce masa Dandaji. Wata 'yar ƙasar, Mariam Issoufou, aikin kwamfuta ta fara yi a Amurka, ta bar shi ta koma makaranta ta koyi zanen gini, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014, ta sa masa suna Masomi. Ita da wata abokiyar aikinta 'yar ƙasar Iran, Yasaman Esmaili, suka gyara tsohon masallacin ƙasa na garin ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin jar ƙasa wanda inji ya matse, tare da maginan gargajiya na yankin. An gama a 2018. Abin da zai fi daɗaɗa muku, ita ta tsara kasuwar garin, rumfuna na tubalin ƙasa kewaye da tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwa a gindinta, da laimomin ƙarfe masu launi-launi don inuwa. Ita mai zane ce, aikinta ya ɗan bambanta da nawa, amma maginan Dandaji sun karɓi magana daga bakin mace, gini kuma ya tashi.

A nan Nijeriya ma hanya ta buɗe, ko da yake ta daɗe. Joanna Maduka ta kafa ƙungiyar mata injiniyoyi a 1982. Mercy Iyortyer ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masu ƙiyasin gini ta ƙasa a 2015. Ƙungiyar injiniyoyi ta Nijeriya kuwa, wadda aka kafa tun 1958, sai a 2024 ta sami shugaba mace, Margaret Oguntala. Ku ƙirga shekarun da kanku. Ku kuma saurari sunayen da kyau, ku gaya mini ko kun ji na 'yar unguwarku.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Ƙofar aikin nan ba a wurin gini take ba, tana can aji huɗu na sakandare, ranar da ake raba yara, waɗannan kimiyya, waɗancan wani fannin. Yarinyar da ba ta ci lissafi da Turanci da fizik a jarrabawar fita ba, ta rasa hanyar tun ba ta san akwai ta ba. Wadda ta ci, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da sashen gini da sashen ƙiyasi da na zane. Ga Jami'ar Bayero a Kano. Ga ta fasaha a Minna, wadda take da sashe musamman na riƙon aiki. Wanda ƙarfinsa bai kai jami'a ba, ga kwalejin fasaha irin ta Kaduna, shekara biyu a sami difloma ta farko, a fita shekara guda a yi aiki, a koma shekara biyu a sami babba. Bayan bautar ƙasa da 'yan shekaru na gogewa a ƙarƙashin wani, sai ta nemi rajista, in injiniya ce da hukumar COREN wadda aka kafa a 1970, in magina ce da CORBON wadda aka kafa a 1989. Ba wanda ke fita makaranta ya zama manaja. Sai ta yi ƙaramar mai duba aiki, ta sha rana, ta riƙe sito, ta yi kuskure an yi mata faɗa, kāna a ba ta ƙaramin gini, in ta riƙe a ba ta babba.

Na san abin da ke zuciyar iyayena maza, gara in faɗe shi da bakina. Kuna cewa yaya za ka bar 'yarka a tsakiyar ƙarti. Tambaya ce ta gaskiya, ba na raina ta. Akwai marasa kunya a wurin gini kamar yadda suke a tasha da asibiti da wannan kasuwar. Ni da hijabina nake aiki, gajere wanda ba zai kama a inji ba, hular kwano a bisansa. Abin da na gani shi ne, lebura ba ya raina wanda yake biyansa cif ran Asabar, ba ragi ba sai gobe. Wanda ya ce mini ba zai karɓi umarnin mace ba a makon farko, shi ne yake kore mini marasa kunya a wata na uku. Wahalolin da suka fi ci mini tuwo a ƙwarya wasu ne dabam. Sau da yawa ba makewayin mata a wurin aiki, sai ka ƙi shan ruwa yini guda. Takalmin aiki duk na ƙafar maza ne. Aiki yana iya faɗowa a gari mai nisa. In ciki ya tsufa ba a hawa tsani, wani kamfanin kuwa daga nan sai ya manta da ke. Mace ba ta daɗewa a wannan sana'a sai da miji mai fahimta da dangi masu riƙe mata yara. Saboda haka ku samari da ke tsaye can baya, maganar ta shafe ku.

Ku kuma shugabannin kasuwa, akwai abin da ke hannunku tun yau, ba sai kun jira kowa ba. Duk ranar da za a gina muku sababbin rumfuna da kuɗinku, kada ku yarda ɗan kwangila ya zama shi ne mai aiki shi ne mai duba kansa. Ba a ba kura ajiyar nama. Ku ɗauki naku mai duba aiki, wanda ku ke biyansa, ku nemi ganin takardar rajistarsa, ku ce kowane wata ya zo gabanku ya karanta abin da aka kashe da abin da aka gina. In kun tashi nema, ku tambaya ko akwai mace a cikin masu takardar, ku gwada ta da ma'aunin da za ku gwada namiji, kada ku rage mata kada ku ƙara. Kuma in yarinya 'yar makaranta ta zo neman wurin koyon aiki na wata shida da ake tura su, ku sa baki a karɓe ta, don a nan ne da yawansu suke tsayawa, sun ci jarrabawa amma ba wanda ya san ubansu.

Na ga ladan ya miƙe. Na zo da zanen wani ƙaramin gini da takardar ƙiyasinsa, zan shimfiɗa su a kan teburin nan bayan salla, duk mai so ya zo in nuna masa yadda ake karanta su. Wadda ta zo da 'yarta ta turo ta gaba, kada ta tsaya a baya. Baban da ke neman injiniya, kai ma ina jiranka.

Wassalamu alaikum.